Yadda Wasan Kwaikwayon Ingila Ya Sauko Daga Iska Ya Shiga Kaset

A shekarar 1938, gidan telebijin na BBC, wanda a lokacin bai cika shekara biyu da soma aiki ba, ya nuna wani wasan kwaikwayo na minti 55 da aka ciro daga littafin Jane Austen mai suna Pride and Prejudice. Ƴan wasa suka sa tufafin mutanen farkon ƙarni na 19, suka tsaya gaban kamara a Alexandra Palace da ke arewacin birnin Landan, suka yi abin da za su yi, iska ta kwasa ta kai ma ƴan gidajen da ke da akwatin kallo. Da aka gama kowa ya watse. Ba a ajiye komi ba, don kuwa babu na'urar ajiyewa. Wanda ya gani ya gani, wanda bai gani ba sai labari.

Shekara 57 bayan haka, cikin watannin Satumba da Oktoba na 1995, wannan gida ya sake nuna labarin nan a kashi shida. Tun ba a kai ga kashin ƙarshe ba aka fito da shi a kaset biyu cikin kwali guda. Kwali 12,000 da aka fara bugawa suka ƙare cikin awa biyu. Kafin mako ya zagayo an sayar da 70,000, kafin shekara 200,000. Abin da ya gudana tsakanin waɗannan lokuta biyu shi ne zancenmu a nan. Zance ne da ya shafi malamin da ke koyar da Ingilishi ko adabi, ya kuma shafi duk ƙungiyar da ke ɗauke da nauyin adana al'ada, domin a cikinsa ana ganin yadda wata ƙasa ta riƙa share ayyukanta da hannunta, daga baya kuma ta mai da ragowar haja.

Har tsakiyar shekarun 1950, wasan telebijin ɗan'uwan wasan dandali ne. Kai tsaye ake yin sa, idan ɗan wasa ya manta maganarsa dukan ƙasa ta gani. In ana son maimaici sai a sake kiran ƴan wasa su sake yi daga farko. Haka aka yi da Nineteen Eighty-Four, wanda aka ciro daga littafin George Orwell: an yi shi ranar Lahadi 12 ga Disamba 1954, aka sake yi ranar Alhamis da ta biyo. Na biyun ne aka kafa kamarar fim gaban allon telebijin aka ɗauka, shi ya sa har yau ana iya kallonsa. Na farkon ya bi iska.

A 1956 kamfanin Ampex na Amurka ya fito da na'urar ɗaukar hoto bisa zaren maganaɗisu mai faɗin inci biyu, BBC kuma ta soma aiki da ita a 1958. Mutum zai yi zaton daga nan hasara ta ƙare. Ina! Zaren yana da tsada ƙwarai, yana cin wurin ajiya, kuma ana iya goge shi a sake ɗaukar wani abu a kai. Ƙungiyar ƴan wasa mai suna Equity, don tsoron kada maimaici ya hana ƴaƴanta aiki, ta ƙulla yarjejeniyar da ta ƙayyade sau nawa za a sake nuna wasa da kuma cikin wane wa'adi. Wa'adi na cika, zare ya zama kayan da ba a iya mora sai an sake biyan kowa. Da telebijin mai launi ta zo a 1967, sai ayyukan baƙi-da-fari suka ƙara faɗuwa a idon masu lissafi. Ta haka BBC da kamfanonin ITV suka goge ko suka zubar da dubban shirye-shirye, har zuwa 1978 da BBC ta canza tsari ta naɗa Sue Malden ta riƙa zaɓen abin da za a adana. Cikin abin da ya salwanta akwai Pride and Prejudice na 1952, inda Peter Cushing ya fito a matsayin Darcy, da na 1958.

Bai kamata mu yi saurin kiran mutanen nan jahilai ba. A lissafin zamaninsu daidai suka yi, domin babu wanda ya hango ranar da talaka zai ajiye na'urar kallo a ɗakinsa ya nemi tsohon wasa ya saya. Da na sani ƙeya ce.

Aikin da ya fara nuna cewa labarin mutanen da kuɗi ne shi ne The Forsyte Saga na 1967. Donald Wilson ne ya tsara shi daga littattafan John Galsworthy, kashi 26, baƙi-da-fari, labarin wani dangin attajirai na Landan tun daga ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya har shekarun 1920. Eric Porter ya fito a matsayin Soames, lauya mai ganin kome dukiya ce har matar aurensa, Nyree Dawn Porter kuma ta fito a matsayin Irene, matar da ta ƙi zama dukiya. Da aka maimaita shi a tashar BBC1 daga 1968 zuwa 1969, daren Lahadi ya zama nasa. Wasu majami'u sai da suka gusa da lokacin addu'ar maraice, kashin ƙarshe kuma mutum miliyon 18 suka kalle shi. An sayar da shi ƙasashe da dama, har Tarayyar Sobiyet. A Amurka karɓuwar da ya samu a 1969 ita ta buɗe hanyar shirin Masterpiece Theatre, wanda tashar gwamnati-da-jama'a ta PBS ta soma a Janairu 1971, Alistair Cooke na gabatarwa, kamfanin man fetur na Mobil na biya. Daga nan masu shirya wasa a Ingila suka san suna da kasuwa biyu. Upstairs, Downstairs, kashi 68 tsakanin 1971 da 1975, labarin masu gida a sama da barori a ƙasa, da I, Claudius na 1976, duk ta wannan ƙofa suka shiga Amurka.

Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne babban aikin da BBC ta ɗauka daga 1978 zuwa 1985, na ɗaukar wasannin Shakespeare 37 gaba ɗaya. Cedric Messina ne ya kawo shawarar, kamfanonin Amurka suka zuba kuɗi, da sharaɗin a bar wasannin cikin tufafi da yanayin zamanin da, kada a kawo sabon salo. Tun daga tushe an yi aikin ne da nufin sayar da shi ga makarantu, kuma ya sayu: shekaru da yawa ɗaliban ƙasashe barkatai ta waɗannan kaset suka fara ganin Macbeth da Julius Caesar suna motsi. Wasu sun yi kyau, wasu kuwa nauyi gare su kamar dutsen niƙa. A cikin jerin ne aka yi Othello a 1981. An so a kawo James Earl Jones, baƙar fata ɗan Amurka, amma Equity ta ƙi yarda a ɗauko baƙo daga waje, sai Anthony Hopkins ya shafa duhu a fuska ya hau matsayin. Malamin da zai nuna wannan kaset a aji yana da darasi biyu a hannu, na Shakespeare da na 1981.

Ita na'urar gida fa? Philips ya fito da tasa a 1972, Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC kuma ya fito da VHS a 1976. A Ingila abin ya yaɗu da sauri saboda wata tsohuwar ɗabi'a: mutane da yawa haya suke ɗaukar akwatin telebijin, ba saye ba. Manyan kantunan haya irin su Radio Rentals sun zaɓi VHS, saboda haka duk wanda ya je hayar na'ura VHS ake miƙo masa, Betamax ta sha ƙasa. Da farko amfanin na'urar shi ne ɗaukar abin da telebijin ke nunawa don a kalla daga baya, abin da dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta zo ta halatta. Sashen BBC Video an kafa shi a 1980, amma sai da aka yi shekaru ana ja-in-ja da ƙungiyoyin ƴan wasa da marubuta da makaɗa a kan rabon kuɗi kafin wasan kwaikwayo ya samu fita. Kaset ɗin Doctor Who na farko, a 1983, fam 39.95 aka sa masa, kuɗin da sai mai kantin haya zai iya biya. A 1984 aka kafa dokar da ta wajabta ma hukumar tace finafinai ta duba kowane kaset ta sa masa alamar shekaru. A 1985 kamfanin The Video Collection ya zuba kaset a kantunan Woolworths kan fam 6.99, daga nan saye ya soma cin haya.

Dogon wasa mai kashi-kashi bai ji daɗin kaset ba. Kaset na yau da kullum awa uku yake ɗauka. The Forsyte Saga ya haura awa 21, wato sai kaset takwas a ƙalla, nauyin da zai cika rabin kanta. Don haka sau da yawa akan yanke sunayen farko da na ƙarshe a haɗe kashi-kashi su zama dogon fim guda, wani lokaci har a datse wasu wurare. Wanda ya saya yana ganin ya mallaki abin da aka nuna a telebijin, alhali kuwa an yi masa ƙwange.

Shekarun da kaset ke shiga gidaje su ne shekarun mulkin Margaret Thatcher, kuma su ne shekarun da Ingila ta shiga begen jiyanta. Majalisa ta yi dokokin adana kayan gado a 1980 da 1983. Kamfanin Granada ya fito da Brideshead Revisited a 1981, kashi 11 daga littafin Evelyn Waugh na 1945, an ɗauke shi da fim mai milimita 16 a katafaren gidan Castle Howard, tare da Jeremy Irons da Anthony Andrews da Laurence Olivier. A wannan shekara Chariots of Fire ya fito a sinima, ya kuma ci kyautar Oscar ta gwarzon fim a 1982. Sai The Jewel in the Crown a 1984, kashi 14 daga littattafan Paul Scott a kan ƙarshen mulkin Ingila a Indiya, da A Passage to India na David Lean duk a 1984. Sai kuma A Room with a View, da Howards End na 1992, da The Remains of the Day na 1993.

A nan akwai abin murmushi. Waɗannan uku na ƙarshe, da duniya ke gani a matsayin tsantsar Ingila, kamfanin Merchant Ivory ne ya yi su. Mai neman kuɗin, Ismail Merchant, Musulmi ne haifaffen Bombai. Mai ba da umarni, James Ivory, Ba'amurke ne. Mai rubutawa, Ruth Prawer Jhabvala, Bayahudiya ce haifaffiyar Jamus da ta yi zaman aure a Indiya. Littafin The Remains of the Day kuwa Kazuo Ishiguro ya rubuta shi, wanda aka haifa a Nagasaki. Wataƙila sai baƙo ke iya tsayawa ya ƙare ma gida kallo haka.

Suka ba ta jima ba ta taso. A 1984 Salman Rushdie ya rubuta maƙala mai zafi yana cewa finafinan Indiya na wannan zango kwalliya suke yi ma mulkin mallaka, Turawa ne a tsakiyar labari, Indiyawa na gefe. A farkon shekarun 1990 masanin fim Andrew Higson ya yi nazarin da ya shahara a kan abin da ake kira finafinan gado. Hujjarsa ita ce, littattafan da ake cirowa sau da yawa habaici suke yi ma masu dukiya, amma kamara takan tsaya tana lasar kujeru da labule da lambu har habaicin ya narke ya koma yabo. Wasu masana, musamman mata, sun mayar da martani cewa ana raina finafinan ne don mata suka fi kallonsu, kuma a cikinsu ana tattauna aure da gado da ƴancin mace da gaske. A ganina kowane ɓangare ya riƙe gefe guda na gaskiya. Abin da kaset ya ƙara shi ne maimaici: wanda ya kalli abu sau goma, yana tsayar da hoto yana mayar da shi baya, ya daina bin labari, ya tare a gidan.

Na ga haka da idona sa'ad da nake koyar da Ingilishi a wata lise. Wani abokina ya kawo mini Pride and Prejudice na 1995 daga tafiya. Kaset ɗin tsarin PAL ne, irin na Ingila da Najeriya, akwatin makarantarmu kuwa tsarin SECAM ne da muka gada daga Faransa, saboda haka hoton ya fito babu launi. Kore-koren lambun Pemberley duk suka zama toka. Ɗalibai ba su damu ba. Labarin uba mai ƴaƴa mata biyar, wanda dokar gado ta ce in ya mutu gida da gona na wani ɗan'uwansa namiji ne, da uwar da hankalinta ya tashi sai ta aurar da su, bai buƙaci tafinta ba. Ƴan mata suka yi ta jayayya a kan ko Elizabeth ta kyauta da ta ƙi Collins. Can sai wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce: “Mushe, su waɗannan mutane wane aiki suke yi? Tun ɗazu rawa kawai da shan shayi.”

Tambayar yaron ita ce tambayar da Edward Said ya yi ma Mansfield Park a littafinsa na 1993, inda ya nuna cewa natsuwar gidan Sir Thomas Bertram ta dogara ne da gonarsa ta tsibirin Antigua, inda bayi ke aiki. Fam 10,000 da Darcy ke samu a shekara, bisa ga littafin, ana ɗauka daga ƙasa da ƴan haya yake fitowa, amma gidajen gaske da ake ɗaukar irin waɗannan finafinai a cikinsu wasu na da wani tarihin. A Satumba 2020 hukumar National Trust, mai kula da ɗaruruwan tsofaffin gidaje, ta fitar da rahoto da ya lissafa wurare 93 masu alaƙa da cinikin bayi ko mulkin mallaka, abin da ya ta da ƙura a jaridun ƙasar. Masu fim ma sun motsa: Patricia Rozema ta shigo da zancen bayi fili a Mansfield Park na 1999, Amma Asante ta yi Belle a 2013 a kan Dido Elizabeth Belle, ƴar baiwa da ta tashi a gidan babban alƙalin Ingila, Armando Iannucci kuma ya ba Dev Patel matsayin David Copperfield a 2019.

Mu koma ga 1995. Andrew Davies ne ya rubuta wasan, Sue Birtwistle ta shirya, Simon Langton ya ba da umarni, Jennifer Ehle da Colin Firth suka ja gaba, tashar A&E ta Amurka ta sa hannu a kuɗi. Masu kallo sun kai miliyon 10 zuwa 11. Wurin da ya fi shahara, inda Darcy ya faɗa tafki ya fito da jiƙaƙƙiyar riga ya yi kiciɓis da Elizabeth, babu shi a littafin Austen na 1813, ƙirƙirar masu wasan ce. Ɗalibin da ya dogara da kaset ya rubuta shi a jarrabawa ya faɗi. Gidan Lyme Park da aka yi amfani da shi ya cika da maziyarta, rigar kuma an yi gwanjonta a Landan a Maris 2024 kan fam 25,000 idan an haɗa da la'adar dillali.

Faifan DVD ya iso Ingila a 1998 ya warware matsalar tsawo. Wasa mai kashi ashirin ya shiga kwalin da bai fi littafi kauri ba, ga rubutun magana a ƙasan allo, wanda ga mai koyon harshe ya fi kome amfani. Ya zo da nasa shingen: an raba duniya shiyya-shiyya, Amurka ta 1, Turai ta 2, akasarin Afirka ta 5, faifan wata shiyya ba ya tashi a na'urar wata, kodayake na'urori masu araha da suka cika kasuwanni ba su san wannan doka ba. Kantunan Dixons sun sanar da daina sayar da na'urar kaset a 2004, Funai na Japan, na ƙarshe a masu ƙera ta, ya rufe aikin a 2016. Ayyukan da aka ɗauka da fim sun ci riba, domin ana iya komawa ga asalin fim ɗin a sake wanke shi, kamar yadda aka yi ma Pride and Prejudice a 2008. Waɗanda aka ɗauka da zare a ɗakin shiri, irin I, Claudius, iyakar kyansu ke nan. Bleak House na 2005, Cranford na 2007 da Downton Abbey daga 2010 zuwa 2015 duk an yi su ne ana sane da cewa kwalin faifai na jiransu.

Kasuwar nan ita ta sa aka shiga neman abin da aka zubar. Cibiyar fim ta Birtaniya ta soma yekuwar Missing Believed Wiped a 1993. A 2010 aka gano wasanni fiye da 60 na tsakanin 1957 da 1969 a ɗakin karatu na Majalisar Amurka a Washinton, kwafin da aka aika ma telebijin ɗin can aka manta. Wasu kuma a hannun masu tara kaya aka same su, irin ɗan barkwanci Bob Monkhouse da ya shekara yana ɗaukar shirye-shirye a gidansa. Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Jos. A da BBC takan buga shirye-shiryenta a fim mai milimita 16 ta sayar ma tashoshin ƙasashen da Ingila ta mulka, bisa sharaɗin su miƙa gaba, ko su mayar, ko su lalata. A Oktoba 2013 aka sanar cewa Philip Morris ya tarar da gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar telebijin a Jos, cikinsu da kashi tara na Doctor Who na 1967 da 1968 waɗanda BBC kanta ba ta da su. Rashin bin umarni ne ya cece su.

Yanzu kallo ya koma intanet, haya ta dawo da sabon suna. BBC ta buɗe kantinta na intanet, BBC Store, a 2015, tana sayar da tsofaffin shirye-shirye da cewa sun zama mallakin mai saye. A 2017 ta rufe shi, ta mayar ma mutane kuɗinsu, abin da suka saya ya daina buɗewa. A 2023 kamfanin Network, wanda ya fitar da ɗaruruwan tsofaffin ayyukan ITV a faifai, har da Upstairs, Downstairs, ya karye. Da yawa daga abin da ya fitar ba su hau wata tashar intanet ba, mai nemansu sai ya bi masu sayar da kayan hannu.